Wasiƙar da Na Sa Ammi Yunus Ya Yaga

Da hantsi ne, ranar bakwai ga Zulhajji, rana ta riga ta gasa rufin gwangwanin unguwarmu ta Misfala, babu ko iskar da za ta motsa labule. Na dawo daga bazan, inda muke ɗiban ruwan unguwa, garwa biyu na reto a sandar kafaɗata, sai na tarar da Inna Shatu, mahaifiyata, ta yafa gyale tana tsaye a bakin ƙofa.

"Muntari, sauke ruwan nan mu tafi. Gobe mutane za su wuce Mina, mu ba mu zaga ba."

Sunana Mukhtaru, ita kaɗai ke ce mini Muntari. A Makka aka haife ni. Kakana ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Katsina, bai koma ba. Sana'ata sayar da ruwa.

Zagayen da Inna take nufi al'adarmu ce, mu Hausawan Misfala. Duk shekara kafin a fita Arfa mukan bi gida gida neman yafiya. Ba a daɗewa. Ka yi sallama, ka durƙusa, ka ce, "Abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku yafe mini." Su ce, "Ba ka yi mana komai ba, mun yafe duniya da lahira, mu ma ka yafe mu." Shi ke nan, sai gida na gaba. Ba a faɗin laifin. Faɗinsa a wurinmu rashin ta ido ne, kamar ka sa farce ka ɓare gyambon da ya fara kamewa. Na sha ganin matan da suka shekara ba sa gaisawa sun gama komai a tsaye, kafin ruwan shayi ya tafasa.

Muka zaga gidaje goma sha wani abu. Da muka dawo Inna ta tsaya a ƙofar Ammi Yunus.

Ammi Yunus, ammi da Larabci baffa ke nan, Bature ne, dogo, ya ɗan ranƙwafa, fatarsa ta ƙi sabawa da ranar Makka, kullum hancinsa a saɓule. Shekara biyu ke nan yana zaune a ɗakin marigayi babana, tun da ya zo aikin hajji ya ƙi komawa. Ya ce sunan ƙasarsu Silobakiya, can gaba da ƙasar Turkawa, ƙasar duwatsu da dazuzzuka da ƙanƙara. Sunansa na can ya faɗa mini sau uku, harshena ya ƙi ɗauka. Bayan babban yaƙin Turawa ya baro gida, a Masar ya musulunta, can kuma ya koyo Larabcin da muke magana da shi, Larabci mai ɗingishi. Ya ce a ƙasarsu shi marubucin littattafan labari ne, har yara a makaranta da littafinsa ake koya musu karatu. Inna ba ta yarda ba.

"Mai littafi, ga shi ko buta ta kansa ba shi da ita?"

Amma ita ke ɗumama masa kunu da safe, ita ke yi masa faɗa in ya fita ba hula. Ni kuma duk bayan la'asar tare muke shan shayi a inuwar bango. Yakan ba ni labarin yadda ake tafiya a kan kogi in ya daskare, ni in yi kamar na yarda.

Bara a irin wannan rana zazzaɓi ya kwantar da shi, bai ga zagayen ba. Don haka da Inna ta russuna ta faɗa masa kalmomin da Larabci, sai ya tsaya yana kallonta.

"Me kika yi mini, ya Hajiya?"

"Ba a tambaya, Bature. Cewa ake an yafe."

Ana haka sai ga Malam Dawuda, limamin masallacin lungunmu, shi ma yana nasa zagayen, yana dogara lemarsa. Ammi Yunus ya tare shi ya tambaye shi amfanin wannan wahala cikin rana, tun da mutanen nan Arfa za su.

"A Masar an ce mini wanda ya yi hajji yana komawa kamar ranar da uwarsa ta haife shi," in ji shi. "Ni na yi sau biyu."

"Gaskiya aka gaya maka, sai dai ba a ƙarasa ba," in ji Malam Dawuda. "Abin da ke tsakaninka da Allah, Allah mai yafewa ne. Abin da ke tsakaninka da mutum kuwa, sai mutumin. In ka taka mini ƙafa, ko ka yi ɗawafi dubu, ƙafar tawa ce."

"In ba Musulmi ba ne fa?"

"Tasa ƙafar ba ƙafa ba ce?"

Inna ta yi dariya. Ammi Yunus bai yi ba.

"In ya mutu fa, ya Shaikh?"

Malam Dawuda ya ɗan dube shi ta ƙarƙashin lema.

"To, sai an haɗu a can."

Ya nemi tamu yafiyar, muka nemi tasa, ya wuce. Ammi Yunus ya koma ɗaki ya saki labule. Abincin rana yadda Inna ta ajiye haka ta ɗauke.

Bayan la'asar na kai masa shayi har ciki. Yana zaune a bakin gado, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Ammi, wa ka taka wa ƙafa?"

"Rubutu na yi, ya Mukhtar."

Allah ya sani, dariya na yi. Na ɗauka zai ce ya fasa wa wani kai, ko ya ƙwace gonar marayu.

"Rubutu kawai? Mu nan rubutu in ya ɓaci wanke allon ake, a sake wani."

Ya kawar da kai. Na sake tambaya.

"Waɗanda ka yi wa, duk sun mutu?"

"Saura mace ɗaya. Edita. Tana Ingila yanzu. Tun ina Masar ƙanwata ta aiko mini da adireshinta." Ya nuna akwatinsa da haɓa. "Yana ciki."

"To ai shi ke nan, Ammi! Ka roƙe ta. Ba wanda ake roƙo ya hana. Ni dai tun da nake ban taɓa gani ba. Tsoho kamarka, kuma daga Makka? Wallahi tallahi za ta yafe."

Ya ɗago ya dube ni da idanunsa masu launin ruwan sama.

"Ka tabbata?"

Na sake rantsewa. Ban tambaye shi me ya rubuta ba. A wurinmu ba a tambaya.

Kwanakin hajji ina Mina ina ɗaukar ruwa, ban gan shi ba. Da na dawo na tarar ya sayo takardu da tawada. Kwana tara ya yi yana rubutu, daga asuba har rana ta hana shi. Inna ta leƙa ta dawo tana cewa, "Ashe dai da gaske mai littafin ne." Rana ta goma ya fito tsakar gida da takardu sun fi ashirin, an cika su ciki da baya da ƙananan baƙaƙe kamar jerin tururuwa. Inna tana tsintar shinkafa.

"Duk wannan wasiƙa ɗaya ce?" na tambaye shi. "Me ke ciki?"

"Komai. Abin da na yi, da yadda aka yi na yi shi, da ranakun."

"Haba Ammi. Ba haka ake yi ba."

Na zauna na yi masa bayani a hankali, ina jin daɗin yau ni ne malaminsa. Na ce matar nan shekara nawa tana ƙoƙarin mantawa, kai kuma za ka kwaso komai ka zube mata a cinya? Mai neman yafiya ba ya tono. Gajarta magana yake yi, ya sunkuyar da kai, ya bar wa mutum hanyar da zai yafe ba tare da ya sake jin zafin ba.

"So kake ta yafe, ko so kake ta kwana tana kuka?" in ji Inna.

"A ƙasarmu, ya Hajiya, in mutum zai..."

"A ƙasarku ai ba ku iya ba. Da kun iya da ba ku yi ta kashe juna shekara shida ba."

Ya yi dariya, karo na farko tun ranar zagaye. Ya ɗauko farar takarda guda. Ni na riƙa faɗa da Larabci, shi yana juyawa cikin harshensu: Ni ne wane, ina gaishe ki daga Makka. Na tsufa, ban san saura kwana nawa ba. Abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini don Allah. Layi uku ya kama.

Sauran takardun ya riƙe su jim kaɗan, sannan ya yaga biyu, ya sake yagawa. Inna ta kwashe ta hura gawayi da su. Yanzu in na tuna, nakan ga kamar bai sha wuyar yarda ba. Fuskarsa a ranar irin ta mutumin da ya sauke garwa ce. Amma dai ni na ce a yaga.

Ni na kai wasiƙar gidan waya kusa da Harami. Muka ba da adireshin shagon Hassan mai gurasa, don nan wasiƙun lungunmu suke sauka.

Watannin da suka biyo baya ban taɓa ganin Ammi Yunus haka ba. Ya koma cin abinci har yana neman ƙari. Ya ɗinke jallabiyarsa. Ya sayo ɗan kwalba ya cika da zamzam, ya toshe bakin da kakin zuma, ya sayo farin gyale mai ɗan ado a gefe, ya ce in amsa ta zo zai aika mata. Inna ta ce matar Bayahudiya ce ko Nasara, me za ta yi da zamzam? Ya ce Bayahudiya ce. Inna ta ce to ruwa dai ruwa ne, ta sha. Kullum in na wuce ta shagon Hassan da garwa, kafin in buɗe baki zai ce, "Babu, ya Mukhtar, babu. Ka gaya wa Baturenka jirgin ruwa ba jaki ba ne da za a sa masa bulala."

Cikin Rabi'ul Akhir ta zo. Da azahar ne, gari ya yi sanyi, hadari ya taru a kan duwatsu bai zubo ba. Hassan ya ɗaga ambulan daga nesa yana kaɗawa. Na ajiye garwata a ƙofar shagon na ruga gida. Ambulan ɗin mai kauri ne. Inna ta karɓa ta auna shi a tafin hannu.

"Wanda ya yi fushi ba ya cika takarda haka," ta ce, har ta ɗan rangaɗa guɗa.

Ammi Yunus ya wanke hannu kafin ya buɗe. Takarda ɗaya ce rubutun hannu. Sauran kaurin wasu tsofaffin shafuka ne bugun inji, sun yi ja saboda daɗewa. Da ya ga shafukan, tun kafin ya karanta wasiƙar, na ga ya gane su. Ya karanta sau ɗaya. Ya sake. Sannan ya ce, "Ku zauna. Ku kuka rubuta, ku ji amsa."

Ya riƙa juya mana da Larabci, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka.

"Ka ce in yafe maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Wanne ne ba ka sani ba? Kai da ka cika littafi bakwai, layi uku ka samo mini, kuma babu sunan kowa a ciki. Tun da ka manta, ga su. Babana Samuel. Innata Roza. Ƙanena Pavel. Ƙanwata Mira, shekararta tara. Na san takardarka ce ta hana a tafi da ni, ba ranar da ba na tunawa. Amma ba ni da abin da zan yafe maka a madadinsu. Je ka tambaye su. Ka san tashar da jirgin ƙasan da ya kwashe su ya bi, tagar ofishinka tana kallonta. Ga shafukanka na mayar maka. Ni na buga su da yatsuna."

Ya ninke takardar. 

"Ammi, me ke cikin shafukan?"

A nan ya gaya mana, ba mu tambaye shi sau biyu ba.

Ya ce yana yaro mahaifiyarsa ta kwanta ciwon huhu cikin tsakiyar sanyi, hanya ta toshe da ƙanƙara. Mai kantin maganin garinsu, Samuel, Bayahude, shi ya taka da ƙafa har gidansu a kan dutse, kwana shida a jere, har ta tashi. Da ya girma ya rubuta littafinsa na farko a kan garin nan, sai ya sa Samuel a ciki yadda yake, da gurguwar tafiyarsa da jakarsa ta fata. Littafin ya yi suna. Duk wanda ya karanta ya san wa ake nufi.

Sai yaƙi ya zo. Gwamnatin ƙasarsu ta bi bayan Jamus, aka juya wa Yahudawa baya. Aka kira shi babban birni, aka ba shi ofis da kujera, aka ce za a sake buga littafin a raba wa makarantu, sai dai mutumin nan mai jakar fata bai dace da zamani ba.

"Ba su ce in mayar da shi mugu ba," in ji shi. "Cewa suka yi in duba. Ni na duba."

Ya sake rubuta wurin. Samuel ya koma mai gauraya magani da alli, mai jiran talaka ya kwanta ya ƙwace masa saniya. Aka buga a jarida, aka karanta a rediyo, har a garinsu. Edita, 'yar Samuel ta fari, ita ce mai buga masa rubutu a inji. Ya samo mata takardar hukuma cewa aikinsa ba ya yiwuwa sai da ita. Da wannan takardar a aljihunta ta zauna ta buga abin da ya rubuta a kan ubanta, shafi bayan shafi. A bazarar shekarar aka kwashe Yahudawan garin a taragun shanu. Babu wanda ya fito ya ce uffan. Daga gidansu ba wanda ya dawo.

"A ƙasarmu har yau ana gardama a kaina. Wasu na cewa na tsirar da rai, kuma ba a yi littafi kamar nawa na farko ba. Wasu sun yanke mini hukunci ba na nan. Dukansu gaskiya suka faɗa."

Inna ta ɗago kai ta dube shi.

"Mutumin da ya yi wa uwarka magani?"

"Shi."

"Inna lillahi." Ta miƙe da ƙyar, ta shige ɗaki.

Ya juyo wurina.

"Ka rantse mini, ya Mukhtar."

"Na rantse, Ammi."

"Sunayen nan huɗu duk suna cikin wadda muka yaga."

Na ce, "A sake rubutawa." Ya ce to. Wannan karon kwana arba'in ya yi. Ban tambaye shi me ke ciki ba, ban kuma ba da shawara ba. Na dai ga yakan tsaya ya daɗe alƙalami na sama, har tawada ta bushe a tsininsa. Inna ba ta daina dafa masa abinci ba, amma ta daina yi masa faɗan hula. Takan ajiye kwano a bakin labule ta ce, "Ga shi nan," ta juya.

Na kai ta biyun gidan waya. Sai da aka manna mata kan sarki har huɗu saboda nauyi.

Bayan wata huɗu ta dawo. Hassan bai kaɗa ta daga nesa ba, sai da na matso ya zaro ta daga ƙarƙashin teburin gurasa. Ambulan ɗinmu ne, bakinsa a liƙe yadda na ga an liƙe shi. An ja layi a kan adireshin, an yi ɗan rubutu a gefe. Na gane hannun, irin na waccan takardar ne.

"Me ta ce, Ammi?"

"Ta ce a mayar wa mai ita."

Washegari bayan azahar na tsaya a masallaci har kowa ya fita, na gaya wa Malam Dawuda komai. Ya saurara yana murza gemu.

"Rantsuwarka mai sauƙi ce," ya ce. "Kai da ba ka da abin ciyar da mutum goma, ka yi azumi uku. Gobe ka daina rantsuwa a kan zuciyar wani."

"Shi fa, Malam? In na yi masa ɗawafi? In na raba ruwa sadaka da sunansa?"

"Ka yi, alheri ba ya ɓata. Shi ma ya yi ta istigfari. In Allah ya so, yana da abin da zai gamsar da masu hakki ranar ƙiyama. Amma ni ba zan ce masa an yafe ba. Kai ma kada ka ce."

"Malam, da ta farkon ce ta je fa? Mai tsawon?"

"Ka san abin da ke cikinta?"

"A'a."

"Ni ma haka."

Na yi azumin. Na raba ruwa a ƙofar masallaci ranar Juma'a uku. Ban ji komai ya sauka daga ƙirjina ba.

Ammi Yunus ya rage fita. In ya je Harami sai ya sami gindin ginshiƙi can baya ya zauna, ba ya shiga cikin masu ɗawafi. Kwalbar zamzam da farin gyalen suna kan akwatinsa, ƙura ta hau su. Shayin la'asar dai muna sha, amma ba labarin kogi.

Wata rana cikin Shawwal, ina tattara kofuna, sai ya riƙe mini hannu. Yatsunsa duk ƙashi.

"Ya waladi, ɗana, kai ka faɗa mini."

"Me, Ammi?"

"Abin da kuke faɗa. Mun yafe duniya da lahira. Ba sai ka nufa ba. In ji kawai."

Tun ina ɗan shekara biyar nake faɗin kalmomin nan. Na faɗa wa wanda ya mare ni, na faɗa wa wanda ya sace mini garwa. Na buɗe baki. Sai yarinyar nan ta faɗo mini a rai, Mira, mai shekara tara, wadda ban san ko kamanninta ba.

"Ammi, abin da ke tsakanina da kai na yafe, duniya da lahira. Wancan ba nawa ba ne."

Ya saki hannuna a hankali.

"Tayyib," ya ce, wato to, shi ke nan.

Daga ranar bai sake yi mini magana ba. Ba fushi ba ne, da fushi ne da na san yadda zan yi. In na yi sallama yakan motsa baki. In na kawo shayi, sai ya huce a inda na ajiye.

Bakwai ga Zulhajji ta zagayo. Da hantsi, zafi kamar na bara ko ya fi. Na dawo daga bazan, Inna ta yafa gyale, muka zaga. A kowane gida aka ce mana ba mu yi komai ba. Da muka dawo ta tsaya a ƙofarsa, ta russuna a bakin labule ta faɗi kalmomin. Ba amsa. Ta jira, ta gyara gyalenta, ta ce, "Allah ya yafe mu baki ɗaya," ta wuce.

Ni na ɗaga labulen na shiga. Yana kwance ya juya fuska bango. Ambulan ɗin nan da aka dawo mana da shi yana gefen matashinsa, har yanzu a liƙe. Na durƙusa.

"Ammi, ni ne Mukhtaru. Na rantse maka a kan abin da ban sani ba. Na yi dariya ranar da ka ce rubutu ka yi. Na sa ka yaga wasiƙarka mai sunaye, na ba ka layi uku. Waɗannan na sani. Ka yafe mini."

Ban taɓa neman yafiya haka ba, kunya ta rufe ni har wuya. Na jira. Ina ganin haƙarƙarinsa na hawa yana sauka ta cikin riga, na san ba barci yake ba. A waje ana ta hayaniyar masu ɗaure kaya, wani yana zagin raƙuminsa. Na jira har gwiwata ta fara ciwo.

Da zan tashi sai na ga tulunsa a gefen taga, rana ta shigo ta sauka a kansa. Na girgiza shi, babu ko ɗigo. Na fita na ɗauko garwa ɗaya, na ɗauraye tulun na cika shi, na janye shi zuwa lungun da rana ba ta kaiwa. Na jiƙa tsohon buhu na naɗe shi da shi don ruwan ya yi sanyi. Na ɗauki moɗa na cika ta na ajiye a bakin gado, daidai inda hannunsa zai kai ba sai ya tashi ba.

Bai juyo ba. Na saki labulen, na ɗauki sandata na koma bazan.